Ina Kuka Sa Shi?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda na ga ya fara duban agogo tun ban buɗe baki ba; mai girma babban baƙo na musamman; shugabannin ƙungiyar masu shirya fina-finai; daraktoci da furodusoshi; jarumai maza da mata, waɗanda sai yau na gano ashe a fili duk kun fi gajarta; masu riƙe kamara, masu riƙe fitila, da masu riƙe doguwar sandar nan mai gashi da ake rataya wa mutum a bisa ka yana magana; 'yan jarida; iyayena mata da 'yan uwana maza; da ku 'yan kallo da kuka cika bayan zauren nan a tsaye, waɗanda ba don ku ba da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan riguna: ina gaishe ku duka, gaisuwa ta girmamawa, babba da yaro, na zaune da na tsaye.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga ƙungiya da ta ga ya dace ta karrama ɗana da lambar gwarzon jarumi na bana. Ina godiya ga wanda ya tuna cewa jarumi ma haifarsa aka yi, ya ce a nemo uban. Ina kuma godiya ga mai gadin ƙofa, wanda ya tsare ni rabin sa'a a waje yana cewa uban jarumi ba zai zo a ƙasa ba. Mai gadi, ɗana, ba ka yi laifi ba, ni ma da ni ne kai da ban yarda ba.

Kafin in hau nan an miƙo mini takarda. Manajan ɗana ne ya rubuta, yaro mai ladabi, mai waya uku, kowacce da irin ƙaryar da ake yi a cikinta. Ya ce, “Baba, wannan kawai za ka karanta, minti biyar.” Na leƙa layin farko, sai na ga an ce wai ni ne ginshiƙin nasarar ɗana, wai ni na gano baiwarsa tun yana rarrafe. Jama'a, karatuna aji huɗu ne. A aji huɗun ma malaminmu ne ya ce makarantar ba za ta ɗauke mu mu biyu ba, ko ni ko shi, da yake kuma shi ake biya albashi, sai na tausaya masa na fita. Amma ko da aji huɗu ina gane ƙarya in an rubuta ta da manyan baƙi. Don haka ga takardarka nan, manaja, na ninke ta da mutunci na sa a aljihu, za ta yi mini amfani a shago.

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, shekara talatin da huɗu a wani shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda in ka miƙe tsaye da sauri sai ka gaisa da siminti. A layinmu Injiniya ake kirana, kuma ina amsawa, tunda ba a kama mutum don ya amsa. Duk abin da na gyara yana magana, ko da ba tashar da mai shi yake so ba.

Maganata uku ce. Ta farko ta dariya ce, ku yi abarku. Ta biyu rabi da rabi. Ta uku kuwa sai dai ku yi haƙuri da ni.

Ta farko, yadda yaron nan ya hau. Ku kuna ce masa jarumi, mu a gida Auta muke ce masa, shi ne na biyar kuma na ƙarshe. Ranar da ya zo shago ya ce mini fim zai shiga, ina riƙe da ƙarfen narka dalma, na ce masa, “Auta, ni da nake buɗe bayan akwatin nan kullum, na rantse maka babu abinci a ciki, ƙura ce da wayoyi da gawar kyankyaso.” Wannan ita ce gudummawar ginshiƙin nasara, a rubuta ta yadda take. Wadda ta tsaya masa uwarsa ce. Ita ta ce a bar yaro ya gwada, ita ta rage masa tsawon wandona na fita unguwa ba da sanina ba, ita ta riƙa zama tana karanta masa layin abokin magana, alhali karatun nata bai kai nawa ba.

Fitowarsa ta farko, gawa ya fito. Wata uku yana zarya wajen ɗauka, yana dawowa da yunwa, sannan aka ba shi matsayin gawa. Muka taru a tsakar gida, mu da maƙwabta, muka jira sa'a guda da rabi, sai ga Auta an shimfiɗe shi an rufa masa zane, ƙafafu a waje. Uwarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa, “Ku dubi babban yatsan! Gawa tana kaɗa yatsa! Wallahi sauro ne ya cije shi!” Ku riƙe wannan, don Allah: matar nan ta san fim. Ta san jinin ƙarya ne, ta san kukan ƙarya ne, ta fi ni sanin wa zai auri wa tun ba a kai rabi ba.

Daga gawa aka yi masa ƙarin girma ya zama mai gadi, aka ba shi kalma uku: “Ba ya nan.” Kwana huɗu yana bita a gidanmu, ya faɗe ta da fushi, ya faɗe ta da ladabi, ya faɗe ta da kuka, har wani mai rediyo ya zo nemana ya ji ta daga soro ya juya. Daga mai gadi ya zama abokin jarumi, wanda aikinsa ya ba da shawara a ƙi ji, in an zo mari kuma a mare shi. Shekara biyu ana marin ɗana a gaban duniya, ni ina karɓar barka. Daga nan wannan darakta da ke zaune a gaba ya dube shi ya ga abin da ni ban gani ba, ya ba shi fim sukutum. Ba zan rage masa komai ba: yaron nan ya iya. Ya sha rana, ya sha wulaƙanci, ya kwana a benci, ya haddace abin da ni ko a shekara ba zan haddace ba. Abin da kuka ba shi yau ba kyauta ba ce, guminsa ne. Ku tafa masa, ni ma zan tafa, in na ajiye wannan abin maganar.

Madalla. To, ta biyu.

Shekara biyu ke nan saura kaɗan, wata safiya uwarsa tana shanya, sai na ji faɗuwar bokiti. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, baki ya karkace, kuma akwai abin da ya taɓu a cikin kai wanda likitan ya yi mini bayaninsa da zane a takarda. Ni dai abin da na fahimta a yaren sana'ata shi ne, wata waya ta tsinke a ciki, kuma ba irin wadda ake narka wa dalma ba ce.

Auta ya zo asibiti a rana ta uku, ba zan zalunce shi ba, ya bar aiki ya zo a guje. Ya shiga ɗakin, nas-nas suna leƙe ta taga suna ɗaukarsa hoto. Ya durƙusa a bakin gado ya ce, “Umma.” Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, “Likita, yaushe za a sallame ni? Na bar wanki a igiya.” Ya tashi ya fita. Na bi shi na same shi a ƙarshen baranda, ya kifa goshi a bango. Na ce, “Haba Auta, ni ma jiya ce mini ta yi mai shara, kai har ka samu likita.” Wannan ce sana'ata ta biyu, jama'a, in abu ya fi ƙarfina sai in mai da shi wasa. Ranar bai yi dariya ba. Ya ce, “Baba, ba zan iya ganinta a haka ba.” Na ce ya je ya huta ya dawo. Ya tafi. Yau wata ashirin da biyu.

Kada wani ya fita daga nan ya ce jarumi ya yar da iyayensa. Bai yar da mu ba. Kujera mai taya, shi ya aiko. Katifar asibiti, shi ya aiko. Magani bai taɓa yankewa ba, an gyara rufin ɗaki, an sa mana fanka mai aiki da rana. Duk abin da mota za ta iya ɗaukowa ya zo gidanmu, sai mutum ɗaya. Hankalinta kuma ya dawo da kaɗan-kaɗan, bayan wata biyu ta gane ni, abin da ba lallai ya zama ci gaba a wurinta ba, ta gane yayyensa, ta fara tambaya, “Ina Auta?” In na kira, sai manaja ya ce suna wajen ɗauka, a bari a kammala. Aka kammala, aka shiga wani. Aka kammala wannan, aka shiga wani. Ni ban san fim ba, amma na san tsoro in na gan shi, don ni na haife shi. Yana ɗan shekara goma sai an raka shi bayan gida.

Da tambayar ta yi yawa sai ya aiko da talabijin, faɗinta ya kai ƙofar shagona, da saƙo cewa ga shi, Umma ta riƙa ganinsa kullum. Ni da hannuna na kafa ta a bango, daidai saitin gadonta, har ina yabon kaina ban karkatar ba.

Yanzu ta uku. Shugaba, na ga takardar da ka turo, na san lokaci ya ƙare. Ka yi mini afuwa, tsoho in ya hau abu sauka ke ba shi wuya.

Wata huɗu da suka wuce aka saki fim ɗin nan da kuke karrama shi a kansa. Babbar yayarsa ta kawo mana, muka jingina uwar da matashi uku, bayan la'asar, muka kunna. Ba wanda ya gaya mana ƙarshensa. Ku duk kun gani, kun san wurin: an sare shi a bakin titi, ana ruwa, yana jan jiki a cikin taɓo, kamara ta matso har fuskarsa ta cika bangon ɗakinmu. Ya ɗago ido, ya dubi cikin ɗakin, ya ce, “Umma.” A fim ɗin ma Umma yake ce wa uwarsa. Cikin duk sunayen da ake kiran uwa da su a duniya, marubucinku wannan ya zaɓa.

Sai na ji ta amsa. “Na'am.”

Ya sake kira. Ta ce, “Ga ni nan, Auta,” ta dafa katifa da hannun hagu, matar da ta shekara ba ta tashi da kanta ba. Kafin in zagayo gadon ya yi kira na uku, ita kuma tana ƙasa, fuska a siminti, tana jan jiki wajen bango kamar yadda yake jan nasa. A cikin akwatin wata mata ta rugo ta ɗora kansa a cinyarta, ya cika a hannunta. Na finciko wayar wuta daga bango, amma na makara da kamar numfashi biyu.

Tun daga ranar, a wurin uwarsa, ɗana ya rasu.

Babu abin da ban yi ba. Na tuna mata gawa mai kaɗa yatsa, ta ce waccan wasa ce, wannan kuwa ta ga idonsa. Na mayar da fim ɗin baya, na nuna mata shi yana tafiya da ƙafarsa, ta ce, “Malam, wannan ai kafin abin ya faru ne.” Na kira shi a waya, ya yi mata magana, ta saurara har ya gama, ta ce Allah sarki, sun ajiye muryarsa. Muka yi kiran da ake ganin fuska, yana ɗaga mata hannu yana kuka yana cewa ga shi da rai, ta shafa gilashin wayar da yatsa ta ce, “Wannan fim ɗin ban taɓa ganinsa ba.” Duk abin da ke bayan gilashi yanzu, a wurinta tsohuwar ɗauka ce. Kuma ku gaya mini, jama'a, a wata ashirin da biyu, ina ta taɓa ganinsa in ba a bayan gilashi ba?

Ranar da dabara ta ƙare mini sai na koma ga sana'ata. Na sauko da talabijin ɗin, na kifa ta a kan gadonta, na ɗauko sukudireba, na kwance kusoshi goma sha shida ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Na ɗaga murfin na ce, “Duba da idonki. Ina titi? Ina ruwan sama? Ina jini? Shekara talatin da huɗu ina buɗe irin wannan, ban taɓa samun kowa a ciki ba.” Ta leƙa, ta duba kusurwa-kusurwa a natse. Sannan ta ce, “Ai sun riga sun ɗauke shi.”

Injiniya ya mayar da kusoshinsa.

Likita ya ce in daina gardama da ita, gardamar tana hawar mata da jini. Don haka na daina. In ta ce Allah ya jiƙan Auta, sai in ce amin, in juya in ce Allah ka san abin da nake nufi. In maƙwabciya ta shigo dubiya, sai ta ce, “Kin ji abin da ya same mu?” maƙwabciya ta dube ni, ni in dubi ƙasa, a yi mana ta'aziyya in karɓa. Wata huɗu ina fitowa a matsayin uban mamaci, ba darakta, ba kamara, ba wanda zai ce a yanke a huta. In akwai lambar da ta rage a teburin nan, shugaba, a duba lamarina.

Ba mutuwar ce ke cin ta ba, matar nan ta binne iyaye, ta binne 'yan uwa, ta san haƙuri. Abin da ke cin ta shi ne wanda take faɗa kullum in an kawo abinci: “Sau uku ya kira ni, Malam, ban je ba.” Sai ta kau da kai. Cokali biyu, in an yi sa'a uku. Zoben da ke yatsanta yanzu da zare muka ɗaure shi. Likita ya auna ta makon jiya, bai yi mini zane a takarda ba wannan karon, kafaɗata kawai ya dafa.

Yau da safe ta ga na sa babbar riga, ta ce ina zuwa. Ƙarya ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, sai na ce, “Taro abokan aikin Auta suka shirya saboda shi.” Ta ce, “Allah sarki, ashe ba su manta da shi ba.” Ta sa aka gyara mini wuyan riga. Sannan ta ba ni saƙo biyu, ta sa na maimaita don ta san halina, kuma saƙon nan ne ya kawo ni, ba lamba ba.

Na farko, ta ce in nemo matar nan da ta riƙe masa kai. Hajiya, ga ki can a layi na biyu, na gane ki ko babu ruwan sama. Uwar Auta ta ce in gaya miki ta gode. Ta ce abin da ita ta kasa ke kin yi, Allah ya ba ki masu riƙe naki kan. Na isar. A'a, kada ki yi kuka, Hajiya, aikinki kika yi, kuma kin iya.

Na biyu naka ne, darakta. Ta ce in tambaye ku, cikin ladabi, ba da faɗa ba: ina kuka sa shi? Ta ce ba wanda ya nuna mata wurin. Ta ce ko a kujerar nan mai taya ne a tura ta, ta je ta amsa masa daga kusa.

To, ga tambaya nan na ajiye a gaban manya. Ni na ga inda kuka sa shi. Kun sa shi a kujerar gaba, kun sa shi a jikin motoci da bangon gari, kun sa shi inda ni da uwarsa ko a mafarki ba mu iya sa shi ba, kuma mun gode. Ba mu ce ku dawo mana da shi ba, ya fi ƙarfin tsakar gidanmu. Aro muke nema. Darakta, ka ara mana shi yini ɗaya. Furodusa, ka ara mana shi yini ɗaya. Manaja, ka kashe wayoyin nan uku yini ɗaya, in duniya ta tashi ni zan ɗauki laifin.

Auta, ɗago ka dube ni. Na san na tona ka a gaban mutanenka, a ranar farin cikinka, kuma na san ba haka uba yake yi ba. Na kira a ɓoye wata huɗu, yau na kira a fili. Ba zan yi maka alkawarin za ta gane ka ba. Wataƙila ta ce maka likita, wataƙila ta ce maka mai gyaran fanka, wataƙila ka fita baranda ka sake kifa goshi a bango. In ka fita, ka dawo ciki, wannan kaɗai nake roƙo. Ka zo ba tabarau, ba 'yan rakiya, ba mai ɗaukar hoto. Ka zauna a bakin gadon ta ɓangaren hagu, nan ne hannun da ke ji. Ka sa hannunka a cikin nata, ka kira ta sau ɗaya, ka bar ta ta amsa.

Motar garinmu ta ƙarshe ƙarfe huɗu take tashi, don haka ba zan tsaya cin abinci ba, a ba mai gadin ƙofa rabona. In na sauka daga nan zan tsaya a bakin titi har a kira la'asar. Na san tana nan ta sa an juya mata kujera tana fuskantar ƙofa, tana jiran amsar saƙonta. In mun shiga mu biyu, ba sai na ce komai ba. In kuwa na shiga ni kaɗai, za ta tambaye ni, kuma ba ta da sauran ƙarfin da zan ce mata a jira a kammala ɗauka. Dole in zaɓi wani wuri, in kwatanta mata shi, in ce akwai inuwa. Na yi ƙarya iri-iri a rayuwata, na ce wa mutane gobe rediyonsu zai tashi alhali na san ya mutu. Amma kada ka sa ni in haƙa maka kabari da bakina, Auta. Wannan gyaran ya fi ƙarfin Injiniya.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka shirya shi. Allah ya ƙara wa sana'arku daraja, ya tsare ku a hanyoyin da kuke bi da wuraren da kuke kwana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Wanda iyayensa suka rigaye shi, Allah ya jiƙansu. Wanda nasa ke raye, Allah ya ba shi ƙafar zuwa tun ana amsawa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa ya tarar da wanda ya bari.

Na gode.